Surukina Ya Sassaƙa Wa Injinsa Katako, Na Ce Masha Allah

Assalamu alaikum Gwaggo Fatu. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya tsaya mani a wuya, kuma ba ni da fuskar da zan kai shi gaban kowa a garinmu.

Ni bakanike ne a Dutsin-Ma. Matata Batula 'yar Kurfi ce, Fulanin gida ne, kuma ita ce 'yar fari. Kin san abin da hakan ke nufi. Mahaifinta ko sunanta ba ya kamawa, ni kuwa tun da na aure ta ban taɓa ɗaga ido na kalli tsakiyar fuskarsa ba. In na je gaisuwa, tun daga bakin zaure nake tuɓe takalmi in durƙusa, ya amsa yana kallon wani wuri. Ko a wasiƙar nan hannuna ba zai iya rubuta sunansa ba, Baffa kawai zan ce.

Baffa a da mai shanu ne. Ɓarayin daji suka kore garken, 'yan da suka rage ya sayar ya sayi wata tsohuwar mota, irin mai injekta guda a saman inji, wato abin da ke fesa wa injin fetur, yana jigilar hatsi da fasinja tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma. Da furfurarsa ya koyi tuƙi. Tun da shanun suka tafi ya zama shiru-shiru, ko hirar bayan magariba ya daina fita.

Da fetur ya yi tsada, sai ya ji direbobi a tasha suna cewa in aka sa wani ɗan faifai a ƙarƙashin injekta ya ɗaga ta sama kaɗan, mota tana rage shan mai. Mu sifesa muke ce wa abin, kuma ko yana rage man ko ba ya ragewa, musu ne da ba ya ƙarewa a gareji. Shi dai bai tambayi kowa ba. Mutum ne mai hannu, shi ke sassaƙa ƙotar fartanyarsa da akusan gidansa. Ya kwance kan injektar, ya ɗora a kan guntun ƙirya ya zana, ya zauna da gizago da wuƙa ya fitar da siffar, ya huda ramukan da ƙarfe mai zafi. Ya yanko fatar akuya ya yi gasket da ita, wato shimfiɗar da ke hana mai yoyo, ya ɗaura a motar. Gwaggo, wallahi aikin ya yi kyau. Ni da nake cin abinci da sifana ba zan iya fitar da shi haka da hannu ba.

Ran wata kasuwa ina ƙarƙashin mota, sai na ji gareji ya yi tsit. Ashe Baffa ne, wanda bai taɓa taka wurin aikina ba. Na fito da baƙin mai har gwiwar hannu na zube ƙasa. Ya buɗe bonet da kansa yana yi wa maƙwabcina bayani, amma kowa ya san da ni yake. Na leƙa. Katakon ya sha fetur ya yi baƙi, gefe guda ya fara tsagewa, fatar ta jiƙe, mai yana tsattsafowa yana gangarawa wajen wayoyin fulogi. Warin ma ya riga ya buge ni. Na ɗago zan yi magana, sai na hangi murmushi a gefen bakinsa, abin da Batula ta ce rabonsa da yi tun shanu na nan. Na sunkuyar da kai na ce Masha Allah.

Wannan Masha Allah ita ta hana ni sukuni. Yanzu duk inda ya tsaya sai ya buɗe bonet ya nuna, ya ce har mijin yarinyar nan, da yake aikinsa ne, ya gani ya yaba. Wani direba ya ce masa yana jin warin mai, ya ce ai surukinsa ya duba.

Na gaya wa Batula ta yi ta kuka, ta ce ita da ko ruwa ba ta miƙa masa hannu da hannu, ta ina za ta fara. Na yi tunanin in karɓi motar da sunan juyen mai in sauya abin a ɓoye, to mai nuna shi kullum ai sai ya gane. Akwai taubashinsa Malam Ilu, shi kaɗai ke faɗa masa komai, amma bakinsa ba linzami, kafin la'asar an maida Baffa abin dariya a tasha. Ga shi ƙarshen wata za a ɗaura auren ƙanen Batula a Birchi, kuma a motar nan zai kwashi mata da yara, har da ita da goyonta. Ina jin kunyar ƙaryata kaina a gabansa, ina jin kunyar ƙwace masa abu ɗaya da ya dawo masa da fara'a, kuma na fi jin kunyar kaina da na san gaskiya na yi shiru. Yaya zan yi?

Bakanike mai nauyin baki, Dutsin-Ma

Wa alaikumus salam ɗana. Na tura maka amsar nan ta waya tun kafin a buga ta, don fetur ba zai jira fitowar jarida ba.

Ba zan ce kunyarka banza ce ba. Tarbiyya ce, kuma tausayin da ya ɗaure maka harshe ran nan abin a yaba ne. Ka yi daidai da ka ƙi sauya abin a ɓoye. Ka bar Malam Ilu inda yake, kada kuma ka ɗora wa Batula kayan da ba nata ba.

Amma ka duba wani abu. Dattijon nan ya wuce makanikan Kurfi kaf, ya keta kunyarsa ya tako garejinka. Ba gaisuwa ya zo amsa ba. Maganarka ya zo nema don ya dogara da ita, kuma ga shi ya dogara. Ya ba ka girman da ba zai iya faɗa da baki ba, saura ka riƙe amanar.

Gobe kafin ya fita lodi, ka ɗauki kayan aikinka da gasket na gaske ka tafi Kurfi. Kai kaɗai, kuma a gida, ba a tasha ba. Ba sai ka kalli fuskarsa ba, ku biyun ku kalli injin. Ka roƙe shi ya shafa yatsa a ƙarƙashin katakon ya sansana. Mutumin da yake gane saniya marar lafiya daga tafiyarta ba ya bukatar dogon bayani. Ka faɗa masa awonsa ya yi daidai, icen ne ba ya jure mai da zafi, kuma nauyinsa ne ya hana ka faɗa ran nan. Ka nemi afuwa, ka cire katakon nan take, kada motar ta sake tashi da shi. In ransa na kan abin, ka roƙi katakon ka kai wa masu aikin alminiyum su fitar da irinsa sak. Ni ban san inji ba, kai za ka tabbatar ba ya yoyo kafin ku ɗaura. Siffar dai tasa ce, zai ci gaba da buɗe bonet yana nunawa.

Yana iya ɓata rai, yana iya yin kwanaki yana amsa gaisuwarka a daƙile. Ka daure. Durƙuson gobe mai nauyi ne, na sani. Amma akwai wanda ya fi shi nauyi a zauren nan, wanda ake yi an shimfiɗa tabarmi ana karɓar gaisuwar rasuwa, kuma a ranar kowa zai tuna wanda aka ce ya duba motar.

Allah Ya kiyaye, Ya sauƙaƙa maka harshe, Ya kai ku Birchi lafiya Ya dawo da ku lafiya.

Gwaggo Fatu