Fentin da Marwan Ya Yi wa Marsandin Baba

Birnin Saida, 9 ga Mayu

Zuwa ga ƙanena Gassan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kai da Rima da yara, Allah ya ƙara muku lafiya da buɗi a can Birazil. Mu nan alhamdulillahi. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma shan gahawarta a baranda tana gulmar masu wucewa.

Maganar Marsandin Baba ce ta sa na ɗauki biro, don in na kira ka a waya zagi zan yi. Ka tuna shawarar da muka yanke, cewa a sa ta a intanet, a shafin gwanjon nan na ƙasashen waje inda masu tara tsofaffin motoci suke saye, ba shafin kasuwar gari ba, inda ake tallan firiji da tattabaru. Ni ba tsada nake bi ba, so nake ta faɗa hannun wanda zai riƙe ta yadda Baba ya riƙe ta shekara hamsin. Mutanen shafin sun ga hotunan da na tura, suka amsa da murna cewa irinta ta 1959 da ba a taɓa sake mata fenti ko kujera ba, ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Suka ce mai dubawa zai zo bayan mako uku.

Sai Marwan, mijin 'yar'uwarmu Hiyam, ya ji baƙo zai zo. Ka san mu da baƙo, a yaye ledar kujerun falo, a fito da kofunan cikin kabad. Ya ce wai abin kunya ne Bature ya taso takanas ya tarar da motar surukinsa a koɗe kamar ta 'yan kifi, me mutanen Saida za su ce. Ya karɓi makulli a hannun Hiyam, ya ce mini juyen mai kawai za a yi. Bayan kwana goma ya dawo da ita ja wur tana walƙiya, kujeru farar roba, har da rediyo mai fitilu. Ya tsaya yana washe baki, wai in faɗi tsakani da Allah, ko amarya ta kai ta kyau? Wallahi juyawa na yi na shige gida, na bar shi a wurin.

Mai dubawa ya zo, ya zagaya ta sau ɗaya, ya tambaya ko ita ce motar cikin hoto. Ko farantin alawar kunafa da Marwan ya yi ta tura masa bai taɓa ba. Washegari suka rubuto cewa ba za su karɓe ta ba. Garin neman gira an rasa ido. Shi kuwa gogan ko a jikinsa, wai Turawa tsumma suke so. Ya sa ta a shafin kasuwar garin, kuma zuwa yau mutum biyu ne suka kira: mai ba da hayar motar biki, da wani mai gidan abinci da zai yanka ta biyu ya girke gabanta a ƙofa.

Jiya na je wurin mai ɗinkin da ya sake wa motar kujeru. Na tarar da tsohuwar kujerar direba yashe a bayan shago cikin shara. Fatar tana nan da lotsawar da jikin Baba ya yi mata, da ƙunar sigarin ranar da aka haife ka. Na ɗauko ta a tasi na ajiye kusa da Mama a baranda. Ta ɗora hannu a kai har la'asar.

Na san za ka tambaya yanzu a wane shafi za a sayar. Ku zaɓa kai da Marwan, duk inda kuka kai jar motarsa zan sa hannu. Abin da ya rage na motar Baba yana baranda, kuma ba na sayarwa ba ne.

Ka gaishe da Rima da Nadim da 'yar auta Lara. Mama da Hiyam suna gaishe ku. Marwan ma ya ce a gaishe ka, to na isar.

Yayarka,
Widad