Koren da Ya Ƙi Dannuwa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Hadiza, 'yarki da ke aiki a Damagaram. Na san ko kina raye sai an karanta miki wannan, amma dole in fitar da maganar nan. Tun ranar ukunki ban yi wa Yaya Salisu magana ba, kuma na san da kina nan ba za ki bar ni in kwana a haka ba.

Kin tuna tsohuwar salularki, baƙar nan mai maɓallai da kika ɗaure bayanta da roba? Ko hannunki na cikin tunkuza, da ta yi kuka sai ki laluba ki danna kore ba tare da kin duba ba. In kina son sake kiran wanda kika gama magana da shi, ki danna koren sau biyu. Kusan kullum ni ce wannan mutumin. Babban yatsanki ya cinye fentin maɓallin har ya koma fari.

Da Yaya Salisu ya dawo daga cirani a Kano gabanin damina, sai ga shi da wayar shafa, faffaɗa, tana sheƙi. Wai abin kunya ne a ga uwarsa da salula mai ɗaurin roba a Matameye. Ya cire sim ɗinki ya sa a sabuwar, tsohuwar kuma ya jefa a jakarsa, wai don ki saba. Kika juya ta gaba da baya kika ce, "To ni ina zan kama? Ai wannan madubi ne." Muka yi ta dariya, har da ni.

Ba ki saba ba, Inna, kuma ba laifinki ba ne. Ni da nake wuni gaban ordinatar biro, wato kwamfutar ofis, ina buga takardu, ranar da aka sauya mata tsari komai ya koma manyan akwatuna kamar na waya, rabin safiya na yi ina neman inda ake kashe ta. A ƙarshe fizge wayar wutar na yi daga bango. Balle ke, da yatsunki suka yi kanta, kuma ba sa rabuwa da man gyaɗa. In kira ya shigo, sai wani kore kamar da'ira ya fito yana tsalle, wai jan sa za a yi sama a hankali. Ke kuwa danna shi kike yi. In ya ƙi, ki ƙara ƙarfi, domin duk abin da kika sani a duniya, in ya ƙi, ƙarfi ake ƙara masa.

Ranar da abin ya faru an kwana da ruwan shuka, unguwa duk ta watse gona, har da Yaya. Ke kaɗai a gida kina suyar ƙuliƙuli. Ragon da kike kiwo ya tsinke igiya ya banke kaskon, tafasasshen mai ya kwaro miki daga ƙirji har ƙafa. Kika faɗi a bakin murhu, fatar hannunki ta saɓule. Wayar tana gefenki a kan tabarma.

Ni kuwa ina kira, kamar yadda nake yi kowane hantsi. Ta yi ta kuka har ta katse. Na sake, na sake. Har tsaki na yi, Inna, na ce kin tafi hira kin bar ta a ɗaki. Sai bayan la'asar Gwaggo Rabi, ƙanwarki, ta dawo daga gona ta same ki a kwance ƙudaje sun rufe ki.

Kwana biyu kika yi a asibiti kafin ki cika. Da na iso, kika buɗe ido da ƙyar kika ce, "Na ji ki, 'yar nan. Na danna, na danna, ta ƙi." Iyakar abin da kika faɗa mini ke nan.

Ranar sadakar ukunki Gwaggo ta miƙo mini wayar. Gilashin ya tsage a wuri ɗaya tak, can ƙasa inda koren yake fitowa, ga shatin yatsanki na mai da jini ya bushe a kai. Ina ɗaga kai na ga Yaya ya shigo tsakar gida gaida mata. Ban san lokacin da na jefe shi da ita ba. Ta fasa masa gira, jini ya wanke masa fuska har rigarsa. Na shaƙe wuyan rigar ina ce masa shi ya kashe ki da son a sani, mata na ja na ina fizgewa, har na yaga wa Gwaggo mayafi. Shi ko hannu bai ɗaga ba, wannan ya ƙara tunzura ni.

Na tsinci wayar na jefa a turminki, na ɗauki taɓarya. Na daka ta, Inna, na daka ta har ta yi tartsatsi ta fara hayaƙi mai wari, gilashi na fallatsa yana yankar mini ƙafa. Da waɗanda suka ƙera ta ne a cikin turmin, wallahi da ban sassauta ba. Sun zauna cikin sanyi da hannuwansu masu laushi, sun yi abin da ba ya jin yatsan mai aiki, kuma ba wanda zai tambaye su. Har yau ban yi nadamar turmin ba.

Yaya ya koma Kano tun kafin a yi girbi. Makon jiya wani direba ya kawo mini ƙunshi daga wurinsa, babu saƙon baki ko ɗaya. Na kwance na ga tsohuwar salularki, da robarta. Sim ɗinki kuwa yana wurina, Gwaggo ce ta tsince shi a cikin turmi ta ƙulle a bakin zane.

Jiya da yamma na sa shi, na yi mata caji, ta kama kamar ba ta taɓa mutuwa ba. Na ɗora yatsana a ramin da naki ya yi, na danna sau biyu. Ina jiran tawa ta yi kuka a jaka, in ga sunanki ya fito ko da sau ɗaya. Tawa ta yi shiru. Ashe kiran ƙarshe da kika yi da ita ba nawa ba ne, nasa ne, ranar da yake hanya da tsarabar nan, kina tambayarsa ko ya wuce iyakar Ɗan Barto.

Kafin in kashe, ya ɗauka. Na ji hayaniyar kasuwa a bayansa, sannan muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar ta yaro: "Inna?"

Sai ya fashe da kuka, ƙato da shi a tsakiyar mutane. Yatsana yana kan jan maɓallin, dannawa ɗaya ce, kuma wannan ba ya ƙi. Ban danna ba, Inna. Na ce, "Yaya, ni ce. Girar ta warke?"

Allah ya jiƙan ki, ya sanyaya miki makwanci fiye da yadda wutar nan ta ƙona ki. Allah ya sa wahalar wunin nan ta zama kaffara. Allah ya yayyafa wa zuciyata ruwa, domin har yanzu da sauran garwashi.

Taki har abada,
Hadiza