Matsarmama a Hagu

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya kasuwar nama? Ciwon cikin 'yarka Ƙanƙanuwa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai na kai ta asibiti. Likita ya ce tsakuwa ce a matsarmamarta, sai an cire. Amma hoto ya nuna kayan cikinta a juye suke: zuciya a dama, hanta da matsarmama a hagu. Ta hagu za a yanka. Yardarka ake jira.

Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Na ga takardarki, ina gaida mutan gida. Tun kina rarrafe nake fiɗar dabbobi, ban taɓa buɗe rago na tarar da matsarmama a hagu ba. Abin da ke can saifa ce da ƙoda, kuma kin san ƙoda tana da masu saye. Hoto kuwa, ko makaho zai iya kifa shi. Sun ga marainiya a hannun mace, shi ke nan. Kada wuƙa ta taɓa ta.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. 'Yarka ba rago ba ce. Ni ma na yi zargin, don haka na kara kunnena a ƙirjinta. Hagu shiru, a dama zuciyar take bugawa. Tun rasuwar uwarta nake riƙon ta, ban taɓa lura ba, kuma na ji kunya.

Likita ya ce tun ɗan tayi bai kai ƙwayar shinkafa ba, akwai wasu 'yan gasu a jikinsa da ke kaɗa ruwa zuwa hagu, daga nan kowace gaɓa ke sanin gefenta. Nata ba su kaɗa ba. Ya ce yawanci gado ne daga uwa da uba, ko da su lafiyarsu ƙalau. Yanzu ko ruwa ta sha sai ta amayar. Ina jin tsoro, Yaya.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Wato yanzu har jinina ya shiga? Likitan nan ya iya bakinsa, ke kuma ya same ki a ruwan sanyi. Me ya sa yake gaggawa haka? Ki maida ta gida, in na zo ƙarshen wata zan duba ta da hannuna. Magana ta ƙare.

Yayanki

*

Yaya,

Da fatan kana lafiya. Zazzaɓi ya rufe ta, idonta ya yi rawaya, sai na sa hannu a takardar yarda da kaina. An yi aikin jiya. Ƙodarta biyu suna nan. Matsarmamar na cikin kwalba, na roƙa a ajiye maka, tunda kai ne gwani.

Ashe ta karanta takardarka a jakata. Da ta farfaɗo, sai ta ce, "Gwaggo, da gaske Baba ya ce a bar ni da ciwon?"

Amsar tana wurinka. Ka zo ka ba ta.

Auta