Farfaɗiyar da Aka Rubuta wa Ƙaninki

Zuwa ga ɗiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya shirya zuri'a. Mu ma muna nan. Ƙafar babanku ta yi sauƙi, har yana takawa zuwa shago. Gwaggonku ta zo ta kwana biyu ta koma. An gyara rufin kicin, ya daina yoyo. Na zaɓi rubutu ne a kan waya, domin a waya kina katse ni tun kafin in kai tsakiyar magana.

Kin tuna zuwanki na ƙarshe, ranar da ƙaninki ya yanke jiki ya faɗi a gareji, ga zazzaɓi, ga ciki babu komai. Ke kika kai shi asibiti. Da kika ga tsawon layi, kika ɗaga murya kika ce tun yana yaro yake faɗuwa, yana karkarwa, yana kumfar baki. Nan take aka shiga da shi. Kika dawo kina ba mu labari kina dariya, wai asibiti sai an sa gishiri. Na ce miki ba a wasa da ciwo, kika ce na cika wa'azi. To, likita ya rubuta abin da kika faɗa. A fayil ɗin ƙaninki yanzu akwai farfaɗiya.

Ba mu sani ba sai da makarantar da yake tuƙa wa motar yara ta nemi rahoton lafiyar direbobinta. Suka karɓe makulli. Ban ga laifinsu ba, ni ma da jikana ne a motar haka zan so. Shugaban makarantar ya ce za su riƙe masa gurbinsa har ƙarshen hutu, in ba a gyara ba su ɗauki wani.

Na yi ta zarya asibitin har masu gadi sun daina tambayata ina za ni. Ofishin fayil taga ce ƙarama, sai kin sunkuya kafin ki ga fuskar mai magana. Matar da ke ciki ta ce ita ajiya ce aikinta, ba rubutu ba. Wanda ya rubuta kuma an yi masa canjin wurin aiki. Aka tura mu wurin likitar ƙwaƙwalwa, ta manna masa wayoyi a kai, ta duba, ta ce ba ta ga komai ba, amma hakan ba ya wanke mutum, don akwai masu ciwon da gwajin ba ya nunawa. Na ce mata ni na haife shi, ni na goya shi, ko daga gado bai taɓa faɗowa ba. Ta ce ba ta ƙaryata ni ba, sai dai iyaye da yawa suna ɓoye wannan ciwo, ga shi kuma a rubuce yayarsa ce ta ba da labari. Ba a goge rubutun asibiti, in ji ta, sai dai a ƙara wani a ƙasa. In wadda ta faɗa ta janye da hannunta, za ta sake duba maganar.

Ƙaninki yana tashi da sassafe kamar kullum, ya sa kayan aiki, ya zauna a benci. Kawunku yana ce masa direban benci, shi kuma ya ɗan murmusa. Bai ambaci sunanki ba ko sau ɗaya. Ni ma ba fushi nake yi ba. Na nemi fushin a raina ban same shi ba. Ina dai dafa abinci, a ci, in wanke kwanuka.

Shekaranjiya ya sauke mini tukunyar ruwan zafi daga kan wuta. Ban san lokacin da na miƙe na karɓe ta daga hannunsa ba, don kada ya faɗi da ita. Ya dube ni ya ce ashe har da ni. Na ajiye tukunyar, na koma yankan albasata. Ni da na san ƙarya ce, ni da aka ba labarin ana dariya. To ina ga shugaban makaranta?

Don haka ki zauna yau ki rubuta wa likitar, ki sa hannu. Kada ki ce an samu rashin fahimta, na san bakinki. Ki ce ƙarya kika yi don ki tsallake layi, ki faɗi abin da kika gani da idonki a gareji. Kunyar taki ce, ki ɗauke ta, ta fi wadda yake ɗauke da ita sauƙi. Kada ki aiko mini da tsaraba, kada ki kira ki ba ni haƙuri. Takardar kawai, kafin yara su koma makaranta.

Ki gaishe da maigidanki da surukarki, da takwarata, da ƙaramin angona mai ƙin wanka. Babanku yana gaishe ki, gwaggonku ma ta bar miki gaisuwa. Na tambayi ƙaninki ko in sa gaisuwarsa, ya ce in sa.

Mahaifiyarki.