Abin da Teku Ya Naɗe

Jambiani, farkon Rajab

Zuwa ga yayata, Dada Mwatima,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma ranar Tabora ba ta gasa ku ba. Mu nan sai godiyar Allah.

Albishirinki! Kin san yadda ruwan bakin gaɓa ya yi zafi, har mwani, ciyawar tekun da muke nomawa, yake fari yana zubewa daga igiya. To, mu matan ƙungiya mun kwashe igiyoyinmu mun koma bayan duwatsun cikin teku, gab da inda ruwa yake shuɗi mai duhu. Dada, ban taɓa ganin mwani irin wannan ba: jawur, kauri kamar yatsa.

Mzee Pandu, dattijon nan mai kwalekwale, da farko ƙin kai mu ya yi. Ya ce, "Kakanninku ba wawaye ba ne da suka bar wurin nan." Bi Tatu shugabarmu ta ce, "Kakanninmu ruwa bai dafa musu gona ba, Mzee. Tuƙa, ko ka miƙo mini sandar." Ya tuƙa yana gunaguni, amma ko yatsa bai tsoma a ruwan ba.

Ba ki ga sabuwar sana'ar ba tukuna. Mukan dafa mwanin, mu tace, mu zuba a faranti mu shanya, ya bushe ya zama leda garai-garai. Da ita muke naɗe alewar kwakwa da busasshen kifi. Mai saye ya ci har da ledar, in kuma ya yar, ƙasa ta cinye ta. Masu otal har rububi suke yi.

Shangazi Mboja, ƙanwar Baba, ita ce mai ɗanɗana mana. Kowane faranti sai ta yagi gefe ta tauna. Ta ce na wannan wurin yana da ɗanɗanon wani abu da ta sani da can, sunansa ne ya kwanta mata. Muka yi ta yi mata tsiya, wai tsufa ne.

Ki gaida kowa da kowa.
Ƙanwarki,
Riziki

Jambiani, cikin Sha'aban

Dada Mwatima,

Ina gaishe ki, ya yara, ya ƙafar maigidan? Allah ya ƙara sauƙi. Ki yi haƙuri da rubutuna, hankalina ba a kwance yake ba.

Kwanaki na naɗe ɗanyen kifi don gwaji, na ajiye a kan kantar kicin na manta. Sai da Juma'a ta zagayo har ta wuce na tuna. Ba wari, ba ƙuda, idonsa garau kamar yanzu aka fito da shi daga raga. Na miƙa wa kyanwa, ta shinshina ta ja da baya. Guntayen ledar da muke zubarwa a bayan gida kuwa, ruwan sama ya dake su, rana ta dake su, suna nan yadda suke. Da na mwanin bakin gaɓa ne, da tuni sun zama ƙasa.

Ga wanda ya fi damuna. Duk lokacin da teku ya cika, ledojin da ke cikin kabad sai su jiƙe, su yi ta ɗigar da ruwan gishiri. Da ya janye sai su bushe. Ina zaune a kicin nake sanin halin da teku ke ciki.

Na gaya wa Bi Tatu, ta ce, "Gishiri ne ke jan laima, ke dai matsoraciya ce tun kina goye. Da muna kuka abinci na lalacewa, yanzu kuma mu yi kuka ba ya lalacewa?" Mata suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don kunya.

Amma Shangazi ta canza. Matar da in ta fara zance sai an roƙe ta ta numfasa, yanzu wuni take yi shiru. Ta daina yagar gefe, faranti guda take cinyewa. In muna ɗaurin igiya sai ta tsaya cak, ruwa a ƙirjinta, ta karkata kai kamar mai sauraron maƙwabta ta katanga. Shekaranjiya ta kama hannuna tana murmushi, ta ce, "Riziki, kin san Faki bai tsufa ba? Ko furfura ɗaya babu." Dada, Mjomba Faki fa take nufi, mijinta da kwalekwalensu ya kife tun muna 'yan mata, ba a ga ko hularsa ba.

Na kai ta wurin liman ya yi mata addu'a. Ta zauna lafiya lau, har ta tambaye shi iyalinsa. Na roƙe ta ta zauna a gida, ta ce in na hana ta zuwa gona ba ta yafe ba. Ki taya mu da addu'a.

Taki,
Riziki

Jambiani, ƙarshen Sha'aban

Dada Mwatima,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina gaishe ki, ina kuma yi miki gaisuwar Shangazi. A waya na kasa gaya miki komai sai kuka, shi ya sa na ɗauki biro.

Rana tsaka ce, ko gajimare babu. Muna tsaye a ruwa muna tsinke mwani sai ta miƙo mini kwandonta, ta ce, "Riƙe mini, ana sallama." Na ɗauka wasa ne. Ta gyara ɗankwalinta, ta nufi inda ƙasa ke yankewa, ba gudu, ba waige. Na cafko bakin zanenta, zanen ya tsaya a hannuna. Mzee Pandu, mutumin da ko yatsa ba ya tsomawa a ruwan nan, ya faɗa da rigarsa. Ya yi ta nutso har idonsa ya yi ja. Babu ita.

Masunta suka nema har suka haƙura. Sai wata safiya mai tsintar kwakwa ta same ta a kan yashi, can sama inda ruwa ba ya kaiwa. An naɗe ta da mwani tun daga ƙafa har kai. Ba naɗin igiyar ruwa ba, Dada. An ninke gefe, an cusa baki a ciki, sak yadda muke yi wa alewa.

Ni da Bi Tatu muka yi mata wanka. Kin san yadda teku ke dawo da mutum bayan kwanaki. Ita ko kumburi babu, ko cizon kifi, fatarta laushi kamar mai barci. Mata suka ce alamar mutuniyar kirki ce, kuma lallai haka take. Amma da na cire ɗankwalin sai hannuna ya tsaya. Ranar da ta tafi kanta a tsefe yake, ni da kaina na tsefe mata, da alkawarin in yi mata kitso da yamma. Ga shi an yi mata sabon kitso, ƙanana, a jere tsaf, aikin wanda ya zauna ba ya gaggawa.

Na nuna wa Bi Tatu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Tsefe, kuma kada ki gaya wa kowa." Na tsefe. Ke kaɗai na gaya wa.

Na kwashe ledojin ɗakina na mayar wa teku. Suna taɓa ruwa suka narke. Na sauka daga ƙungiya, kifina kuma da ganyen ayaba nake naɗewa. Mzee Pandu ya jingine kwalekwalensa, amma matan sun sami wani matuƙi, yau da safe na gan su sun nufi bayan duwatsu. Ban ga laifinsu ba, azumi ya ƙarato, ga yara.

Ina so in zo in yi azumi a wurinki, in maigidanki ya yarda. Ko a tabarma ne zan kwana. Abu ɗaya kawai ki gaya mini tsakaninki da Allah: a Tabora ba a jin ƙarar teku ko kaɗan, ko?

Ki shafa mini kan yara.
Ƙanwarki,
Riziki