Sunan Malam a Bakin Bature

Tudun Wada, Zariya
Farkon Rajab

Zuwa ga ƙanwata Atika, a Kano.

Gaisuwa mai yawa da begen ganinki. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Gwadabe da yara. Yaya ƙafar Lawal, ta warke? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Inna tana sa miki albarka, matata Sakinatu da 'yan matanta suna gaishe ki.

Bayan haka, ki roƙi Malam Gwadabe ya karanta miki wannan ku biyu kawai, don maganar cikin gida ce. Suzana, matar Yaya Kailani, ta sauka a Sabon Gari, an sami ɗa namiji. Kin san tun da Yaya ya bi masu mishan ya koma Ezekiyel, Inna ba ta taka gidansa ba, shi ma bai wuce zaurenmu ba. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda take kiransa yanzu. Kin tuna da, da yake ɗan fari ne, ko za a yanka ta ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "wancan". To yanzu Ezekiyel take cewa gatsau, kamar tana kiran mai tallan kananzir. Ta ce ba shi ne sunan da aka raɗa masa ba, don haka ba ta da kunyar da za ta ji.

Ga kuma sabuwa. Yaya ya aiko cewa ya mayar da sunan mahaifinmu, amma limaminsu Bature ne, a bakinsa Aizik sunan yake fita. Ki yafe mini, zan rubuta na Malam sau ɗaya, alƙalami ba ya jin nauyi: Isiyaku. Ki jera su biyun a ranki ki ji. Inna ta kira ni ɗakinta ta ce tun da ni ne tafinta, da bakin Turawa nake cin abinci, in binciko mata. In sunan Malam ne, ba ta da ikon juya wa mai sunan baya, ko a ina aka haife shi. In kuwa wani sunan Turawa ne mai kama da shi, su riƙe abinsu, ita ba ta yi jika a can ba.

Kin ga inda aka ajiye ni. Ni da na yi shekaru ina jiran namiji in mayar da sunan nan, Allah yana ta ba ni mata, yau ni ne zan yi wa ɗan wani shaida. Wallahi na kasa zama wuri ɗaya. Ko tuwo aka kawo, a tsaye nake ci.

Ki gaishe da mutanen gida duka. Ki rubuto da wuri.

Yayanki,
Labaran

Tudun Wada, Zariya
Ƙarshen Rajab

Zuwa ga Atika.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso da jirgin Laraba. Na yi murna da Lawal ya fara takawa. Yaya zafin nan a wajenku? Mu nan ya fara gasa mu.

Kin ce in gaya wa Inna sunan ɗaya ne kawai in huta. Da sauƙi daga Kano! Ni aikina ya koya mini tsoron suna mai kama da suna. Akawun kamfaninmu mutumin Ikko ne, ƙato mai gemu, sunansa Dada. Ranar da Fulanin da ke kawo mana fata suka ji an kira shi, dariya har da riƙe ciki, don a wurinsu uwa ake ce wa haka. Shi kuwa ya ce a garinsu sunan yaron da aka haifa da gashi a murɗe ne. Ga kuma Garba da Abubakar, babu ta inda suka yi kama, amma mutum ɗaya ne. Saboda haka ban yarda da kunnena ba.

Na fara tambayar Baturenmu, wanda muke kira Mai Lofe, muna tsaye ana awon auduga. Ya ce Aizik ɗan Ibrahim ne da aka haifa bayan iyayensa sun tsufa, kuma wai a harshen Yahudawa ma'anar sunan dariya ce, don uwar ta yi dariya sanda aka yi mata albishir. Na tashi daga aiki na wuce wurin maƙwabcinmu Malam Nagoda, mai karantar da manya a zaurensa, ban kuwa gaya masa abin da Bature ya ce ba. Ya ce sunan Malam ai Ishaƙa ne harshenmu ya tausasa, ɗan Annabi Ibrahimu, kuma matar Annabi ta yi dariya ranar da mala'iku suka zo da bushara. Atika, daidai da abin da Bature ya faɗa.

Sai dai Malam Nagoda ya ƙara da cewa sunan ɗaya ne, amma yaron ba a yi masa huɗuba a kunne ba, ba a yanka masa rago ba. Ya ce duka biyun gaskiya ne, in zaɓi wadda zan kai wa tsohuwa. To kin ji inda zuciyata ta sami ƙofa. In na kai mata ta biyun ban yi ƙarya ba, sunan kuma ya zauna yana jiran ɗana. Ba zan ɓoye miki ba, ina so. Ina kuma jin kunyar ina so. Na je bakin ɗakin Inna ban san sau nawa ba, sai in tsaya in tambaye ta ko tana da goro in juyo.

Ita kuwa ba ta sake tambayata ba, kallona kawai take yi. Amma na lura da abu biyu. Har yau ba ta faɗi Aizik da bakinta ba, "sunan nan" take cewa, tsoron kada ya zama shi ne. Jiya kuma na tarar da ita tana dakan yajin jego, ta ce na maƙwabta ne, alhali babu ko mai ciki a unguwarmu.

Ki sa ni a addu'a. Ina gaida Malam Gwadabe da kyau.

Yayanki,
Labaran

Tudun Wada, Zariya
Sha'aban

Zuwa ga Atika.

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da yara.

Na yi ta jan ƙafa har Suzana ta yi arba'in ta fito yawon gaishe-gaishe. Da hantsi sai ga ta a tsakar gidanmu da goyo, Yaya kuma ya tsaya a waje, ko zauren bai shiga ba. Kin san ta, a gidan mishan ta tashi, ba ta san irin kunyarmu ba. Ta durƙusa ta kwance yaron ta ce, "Inna, ga Aizik ya zo gaishe ki."

Sakinatu ta tsaya da muciya a hannu. Inna ba ta dubi yaron ba, ni ta duba. Maganar ragon tana nan a bakina, na shirya ta tsaf. Sai na ga hannun Inna a kan cinyarta yana buɗewa yana rufewa, na ji kaina ina cewa, "Shi ne, Inna. Sunan Malam ne."

Ai sai ta juya kan Suzana kamar za ta cinye ta. "Ke yarinya, ba ki da ta ido? Sunan surukinki kike kamawa haka a cikin gidansa? Kada in sake ji!" Suzana ta firgita ta fara kuka, ba ta san an karɓe ta ba, sai da Sakinatu ta raɗa mata a kunne. Inna ta miƙa hannu ta amshe yaron, ta ɗora shi a cinya tana jan hancinsa, tana ce masa Maigida. Wai ina ya shige tuntuni ya bar ta, ga shi ya dawo hannu biyu ko cefane babu. Tana tsokanarsa hawaye yana bin kuncinta. Ta sa aka ɗauko yajin nan na maƙwabta aka ba Suzana.

Can ta ɗago kai, ba ta dubi ƙofa ba, ta ce da ni, "Ka ce wa wancan ya shigo, rana tana dukansa."

Wancan, Atika. Na fita na same shi a jingine da katanga, hularsa a hannu. Na buɗe baki in isar da saƙo, ni da nake juya maganar mutane kullum, na kasa. Hannunsa kawai na kama na jawo shi ciki.

Inna ta ce ki zo da azumi ki ga Maigida. Allah ya kawo ki lafiya.

Yayanki,
Labaran