Rasuwar Farfesa Glenys Treloar, Mai Yaƙi da 'Yan Ba-Komai

Cikin alhini da kewar da har yanzu ba mu san inda za mu ajiye ta ba, Hukumar Gudanarwa ta Cibiyar Wattlebank ta Binciken Ciwon Dajin Hanji da ke Adelaide, a madadin likitocinta da ma'aikatanta da ɗalibanta baki ɗaya, ta samu labarin rasuwar Shugabar Sashen Garkuwar Jiki, malamarmu kuma uwa a gare mu, Farfesa Glenys Treloar, wadda ta cika ranar Talata a gidanta tana da shekara hamsin da shida, sakamakon cutar da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana bincike a kai.

Marigayiya Farfesa ta shafe fiye da shekara ashirin tana bin diddigin wasu ƙwayoyin jini da ke fitowa daga ɓargo, waɗanda asalin aikinsu kare jiki ne, amma idan ƙari ya tsiro a babban hanji sai ya janyo su tun ba su gama nuna ba, ya mayar da su 'yan korensa. Su ne ke kewaye ƙarin, su cinye abincin da sojojin jiki ke buƙata, su kashe musu gwiwa, har cutar ta samu sarari ta girma ta haura hanta. Suna da dogon suna a littattafai, amma ita 'yan ba-komai take ce musu. "Halinmu ne sak," takan ce. "Soja ya zo da shirin faɗa, su tare shi a ƙofa: haba aboki, ba komai, zai wuce, zauna ka sha mai sanyi."

Saboda haka ta haramta kalmar a ɗakin gwajinta. Duk wanda bakinsa ya suɓuce ya ce ba komai, ɗalibi ne ko babban likita, shi zai wanke kofunan shayin safiyar Juma'a, bayan an gama fama da kek ɗinta wanda bai taɓa fitowa ba tare da ƙonewa ba. Mun ci, mun yaba, domin muna ƙaunarta.

Hukumar ba za ta ɓoye abin da marigayiya ta umarce mu da mu faɗa ba. Kwalin gwajin bahaya na gano cutar da wuri, wanda ake aiko wa masu shekaru irin nata ta gidan waya, ya daɗe a aljihun teburinta ba ta buɗe ba, kuma da ta fara ganin alamu sai ta ce wa kanta ba komai, bari ta kammala aikin da ke hannunta. "Ku rubuta yadda yake, kada ku yi mini kwalliya," in ji ta daga kan gadon jinya, tana dariya. "Kofunan Juma'a nawa ne har abada."

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta, Injiniya Stelios Mavros, da 'ya'yanta Tegan da Kirra, da ƙaninta ɗaya tilo, Mista Murray Treloar, manomi a Minlaton, tare da roƙon Allah ya ba su haƙuri da ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan babban rashi, ya kuma sanyaya musu zuciya.

Marigayiya ta ce kada a kawo furanni. Kowa ya buɗe kwalinsa. Ta kuma bar mana saƙo ɗaya da ta ce a faɗa a bainar jama'a, tunda faɗa a gida bai yi aiki ba. Wanda 'yar'uwarsa ta jini ta kamu da wannan cuta, haɗarinsa ya fi na sauran mutane, kuma duk lokacin da ta yi wa ƙaninta maganar a duba hanjinsa, amsarsa ɗaya ce: "Haba yaya, lafiyata ƙalau, bari a gama girbin sha'ir."

Murray, kafin ta tafi yayarka ta kama maka layin ganin likita na ranar Litinin mai zuwa. Maƙwabtanka sun ce su za su yi girbin, ni kuma zan zo da mota in ɗauke ka. Idan ka ce mana ba komai, akwai kofuna suna jiranka. Mun riga mun binne Treloar ɗaya a bana, kuma ya ishe mu.

Sa hannu:
Dakta Rohan Vassallo
Kakakin Hukumar Gudanarwa, Cibiyar Wattlebank